NEMAN ASALINMU A TAKARDUN HUKUMA DA TSOFAFFIN JARIDU

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne inda ake samun hujjoji na asali game da rayuwar al'umma, wato takardun da aka rubuta a daidai lokacin da abu ya faru. Masu nazarin rayuwar ɗan Adam da al'adunsa ba sa wasa da irin waɗannan takardu, mu ma bai kamata mu yi wasa da su ba. Duk ranar da rigimar iyaka ta taso tsakanin gari da gari, ko aka zo neman gunduma ko ƙaramar hukuma, ko aka yi jayayya a kan burtali da makiyaya, kwamitin bincike zai saurari dattawa, amma daga ƙarshe sai ya ce a kawo takarda. Wanda ya zo da ita shi ke da rinjaye. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birni ba su san sunan unguwar kakanninsu ba, dattawan da suka sani kuwa kullum raguwa suke yi.

Wuri na farko da ya kamata mai nema ya dosa shi ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. An kafa wannan hukuma a Ibadan a 1954 a ƙarƙashin Farfesa Kenneth Dike, daga baya aka buɗe rassa a Kaduna da Inugu. A Kaduna aka tara fayilolin ofishin Sakataren Lardunan Arewa, masu alamar SNP, da na ofisoshin Razdan na kowane lardi, masu alamomi irin su KANOPROF da ZARPROF da SOKPROF. A nan akwai abin lura. Garuruwa sun sha canja lardi, fayilolinsu kuma suna bin lardin da suke ciki a lokacin. Katsina, alal misali, tana cikin Lardin Kano har zuwa 1926, sannan aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa. Saboda haka mai neman labarin wani ƙauye na ƙasar Katsina sai ya duba wurare uku. Haka kuma Turawa sun rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya jiye musu, don haka a nemi sunan gari da kowane irin rubutu da zai yiwu.

A cikin waɗannan fayiloli babu mai amfani gare mu kamar rahoton kimanta haraji. Kafin a yanka wa gunduma haraji, akan tura Di'o ko mataimakinsa ya zagaya ta ƙauye-ƙauye. Yakan rubuta yawan magidanta da mata da yara, da yawan masaƙa da marina da maƙera da majema, da ranakun kasuwa, da abin da ake nomawa, da dabbobin da ake karɓar jangalinsu, sannan ya ƙara da tarihin garin da jerin waɗanda suka sarauce shi kamar yadda dattawa suka faɗa masa. A wasu gundumomin ƙasar Kano har malaman taki aka sa suka auna gonaki da ƙafa. Bayan wannan akwai littafin gunduma da ake ajiyewa a ofis, da rahoton shekara-shekara na Razdan, da fayilolin naɗin hakimai da dagatai da tuɓe su, da kasafin kuɗin baitulmalin En'e. Akwai kuma littattafan shari'a na alƙalai, galibi da Larabci, inda ake ganin yadda aka raba gado, da yadda aure ya mutu, da yadda gona ta fita daga hannu zuwa hannu.

Da irin waɗannan kayan aiki manyan manazarta suka yi gininsu. Littafin C. K. Meek a kan al'ummomin Arewa, wanda ya fito a 1925, ya dogara ne a kan bayanan da aka tara lokacin ƙidayar 1921. M. G. Smith ya haɗa takardun hukuma da hirar dattawa ya fitar da nazarinsa a kan sarautar Zazzau a 1960. Polly Hill ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a 1972 a kan tattalin arzikin ƙauye guda. Michael Watts ya bi rahotannin larduna ya rubuta tarihin yunwa a Arewa a 1983, inda ya daidaita sunayen da talakawa suka ba yunwa da shekarunsu, kamar Kakalaba ta wajen 1914 da 'Yar Gusau ta 1942. Allan Christelow kuwa ya fassara hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas ya buga su a 1994. Waɗannan duk baƙi ne da suka ƙetaro teku suka karanta labarinmu. Ashe ɗan gari, wanda ya san harshen kuma ya san gidajen da ake ambata, ya fi su damar gane abin da takardar ke faɗi.

Sai dai takardar hukuma ba wahayi ba ce. Baturen da ya rubuta ta sau da yawa ta bakin tafinta ya ji, kuma a zauren hakimi ya sauka, don haka abin da hakimi yake so a sani shi ya fi shiga littafi. Ƙidayar da aka yi don haraji dole ta gaza, domin magidanci yakan ɓoye samarin gidansa, makiyayi kuma yakan kora shanunsa daji idan ya ji malamin jangali na tafe. Muryar mata da ta talakawa da ta bayi ba ta cika fitowa ba sai a gaban alƙali. Saboda haka duk takardar da muka ɗauka mu tambayi kanmu: wa ya rubuta ta, wa ya faɗa masa, kuma don me aka rubuta? Sannan mu kai ta gaban dattawa mu ji nasu. Inda baki da takarda suka dace, mun sami ƙarfi. Inda suka saɓa, mu rubuta duka biyun, kada son zuciya ya sa mu danne wanda bai yi mana daɗi ba.

Taska ta biyu ita ce jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Darajarta a wurinmu ita ce wasiƙun masu karatu da labaran da wakilai ke aikowa daga garuruwa: gobara, naɗin sarauta, buɗe makaranta, kukan rashin rijiya, farashin gyaɗa da auduga. A nan ne ake jin mutanenmu suna magana da bakinsu. A 1948 aka fara Nigerian Citizen da Turanci, wadda New Nigerian ta gaje ta a ranar 1 ga Janairu, 1966. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta fitar da ƙananan jaridu na larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, waɗanda suka fi kusa da labarin ƙauye. Su ma a karanta su da lura, domin yawancinsu na gwamnati ne, kuma abin da jaridar NPC ta yaba, mai goyon bayan NEPU zai ba da shi da wata fuska. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara samo shekarar da abu ya faru daga fayil ko daga bakin dattijo, sannan a bi jaridun watannin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ana samun tsofaffin jaridu da takardu a Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, da Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. 'Ya'yanmu da ke zaune a Ingila suna iya zuwa gidan adana takardu na Kew a Landan, inda aka ajiye wasiƙun da gwamnonin Arewa suka aika gida a jerin da ake kira CO 446. Ga abin da ya shafi zamanin baya-bayan nan kuwa, akwai Gazet ta gwamnati mai ɗauke da dokokin kafa gundumomi da ƙananan hukumomi, musamman bayan gyaran 1976, da rahotannin kwamitocin bincike, da muhawarar majalisa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takarda daga ma'aikata, kuma ta ce a ba shi amsa cikin kwana 7.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne takarda ba ta jira. Gara da ɗanshi da ƙura da gobara suna cin ta, wadda aka rubuta shekara ɗari da suka wuce kuwa da an taɓa ta sai ta ruɓushe. Ba a ofisoshi kaɗai hasarar take ba. A gidajenmu akwai rasit na haraji, da takardar sayen gona, da wasiƙun ajami, da fasfon aikin hajji, da hotunan kakanni, waɗanda ake zubarwa ranar da aka share ɗakin mamaci.

Don haka muna ba ƙungiya shawara uku. Na farko, a kafa kwamitin tarihi mai mutum kaɗan, a sa malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya. Na biyu, a ware kuɗi cikin asusun bana a tura ɗalibanmu biyu ko uku Kaduna lokacin hutu, su nemi izini su ɗauko hoton kowane fayil da ya ambaci garinmu, su rubuta lambarsa da shekararsa. Na uku, kowane gida ya fito da tsofaffin takardunsa a ɗauki hotonsu a mayar masa da abinsa, a ajiye kofe a sakatariyar ƙungiya, wani kuma a fada. A lokaci guda a ɗauki muryar dattawanmu maza da mata tun suna raye, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Mun gina azuzuwa, mun haƙa rijiyoyin burtsatse, to wannan aikin bai kai su tsada ba, kuma jikokinmu za su ci moriyarsa ranar da aka ce su kawo hujja. Muna roƙon babban taro ya tattauna waɗannan shawarwari kafin a tashi. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.