Kansilan da ke Neman Tazarce



Sabon ɗan takara yana iya cewa "zan yi". Amma kansilan da ya riga ya zauna a kujera, ya kuma dawo neman tazarce, lissafi ya kamata ya kawo wa mazaɓarsa.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara, tare da sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya. Majalisar kansiloli ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ce kuma ke sa ido a kan ciyaman.

An daɗe ana fakewa da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ana cewa gwamna ya riƙe kuɗi. Ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma wane kansila ne ya buɗe baki ya nemi haƙƙin mutanensa?

Jama'a, in kansilanku ya zo da buhun shinkafa, ku tambaye shi ƙudurin da ya gabatar da rijiyar da ya sa aka gyara. In ya kasa amsawa, ku riƙe ƙuri'arku.