'Yan Uwanmu Na Tsibiran Karibiyan: Abin Da Ya Saura Da Abin Da Ya Ɓace

 

  

An ce mu yi bayani a kan mutanen tsibiran da Turawa ke kira Indiya ta Yamma, wato su Jamaika da Tirinidad da Babados. Sunan ma kuskure ne. Kolumbus ya isa can a 1492 yana tsammanin Indiya ya iso, sunan ya bi su har yau. Wani zai ce, to mu da ke neman na tuwo a Agege da Idi Araba, me ya haɗa mu da su? Ku yi haƙuri ku ji.

Yawancinsu jikokin bayi ne da aka kwasa daga wannan gaɓar teku tamu, har da Badagiri da Ikko, aka kai su noman rake. Akwai Yarbawa da Ibo da Asante da mutanen Kwango, akwai kuma Musulmi, wasunsu ma malamai ne.

Ɗauki Abubakar Siddiku. A Tambutu aka haife shi, ya yi karatun Alkur'ani, aka kama shi a yaƙi yana saurayi, aka sayar da shi zuwa Jamaika, aka laƙaba masa suna Edward Donlan. Kusan shekara 30 ya yi cikin bauta. Da ubangidansa ya ga ya iya rubutu, sai ya ba shi lissafin shago, kuma da harufan Larabci yake rubuta shi. A 1834 wani alƙali Bature mai suna Madden ya tsaya aka 'yanta shi. Da ya rubuta tarihinsa, ya ce sunan mahaifiyarsa Hafsatu, amma da Hausa Nagode ake kiranta, kuma ya ambaci Katsina da Barno cikin asalinta. Jama'a, kun ji fa. Jinin Nagode ya yi bauta a Jamaika.

A wannan tsibirin dai akwai Muhammadu Kaba. A fili ana ce masa Robert Peart, har sunansa na cikin littafin coci, amma a ɓoye ya zauna ya rubuta Kitabus Salati daga abin da ya haddace tun yana gida. Shi da Abubakar har wasiƙa sun yi wa juna da Larabci.

Na Tirinidad su suka fi burge mu, don aikinsu irin na 'yan kasuwa ne. A birnin Fot of Sifen Musulmi sun kafa jam'iyya, limaminsu Yunusa Muhammadu Bath. Kowa ya kawo abin da ya samu a tara, in kuɗi ya kai sai a je a fanso ɗan uwa guda daga hannun ubangidansa. Shi ma in ya fito ya shiga zubi don a fanso na gaba. Adashi ke nan, sai dai kwasarsa mutum ne. Kafin dokar Ingila ta hana bauta ta fara aiki ran 1 ga Agusta 1834, akasarinsu sun riga sun fanshi kansu. Ita kuwa gwamnatin Ingila, fam miliyan 20 ta ware diyya, kuma iyayengiji ta biya, bawa bai ga ko kwabo ba. Sun rubuta takardun koke da Larabci da Turanci suna roƙon a ba su jirgi su koma gida, ba a ba su ba. Liman Yunusa ya rasu a can a 1838. Allah ya jiƙansa.

To me ya saura? Da yawa. Adashi na nan, a Tirinidad susu suke ce masa, daga esusu na maƙwabtanmu Yarbawa. Kuɓewa da doya suna cikin tukunyarsu. Tatsuniyar Anansi ta Asante na nan a Jamaika, kuma in ka saurara za ka ga Gizo ne sak, da wayonsa da kwaɗayinsa. Addinin Shango na nan da gangunansa. A kudancin Tirinidad akwai hanya da ake kira Mandingo. Kiɗansu na kalifso da suke ce wa kaiso, wasu masana sun ce daga kalmarmu ta kaico ya fito, wasu kuma sun ce daga Ibibiyo ne. Mu dai ba za mu yi rantsuwa a kai ba.

Abin da bai saura ba shi ne allo. Ganga ta haye, tatsuniya ta haye, don waɗannan ko a gona ana koya wa yaro. Karatu kuwa yana son malami da lokaci da wurin zama, bawa kuma ba shi da ko ɗaya. Abubakar ya iya, Kaba ya iya, amma ba a bar su sun kafa makaranta ba. Jikoki biyu zuwa uku, salla ta ɗauke a gidajen. Musuluncin da ya yi ƙarfi a Tirinidad daga baya, 'yan ƙodagon Indiya ne suka zo da shi, tun daga jirgin farko na 1845, don su an bar su da limamansu da masallatansu. Cikin zuriyarsu ne aka sami Noor Hassanali, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1987 zuwa 1997.

Su ma can sun waiwayo mu. Edward Blyden, haifaffen tsibirin Sen Tomas a 1832, fasto ne, amma ya koyi Larabci, ya yi aikin gwamnati a nan Ikko wajen 1896, yana matsa wa Turawa su buɗe wa 'ya'yan Musulmi makarantar da ba za ta raba su da addininsu ba.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba a ɗaure aka kawo mu ba. Kakanninmu da ƙafarsu suka zo, da fataucin goro da shanu. Mota na tashi zuwa Kano kullum. Amma ku shiga gidajenmu da yamma ku kasa kunne. Uwa ta yi magana da Hausa, yaro ya amsa da Yarbanci ko burokan. Ba mu ƙi yaro ya iya Yarbanci ba, kasuwa ma sai da shi. Amma akwai yaran da in aka kai su gida ba sa iya gaida kakarsu, sai ta yi ta kallonsu kamar baƙi. Wasu an yaye su daga Islamiyya tun ba su kai izu 5 ba, wai lesin ya hana.

Saboda haka ga shawarar da muka kawo gaban Sarki da kwamiti. Na ɗaya, a buɗe zubi na wata-wata, kamar na Liman Yunusa, kowane mai rumfa da mai shago ya sa gwargwadon ƙarfinsa, a riƙa biyan malaman Islamiyya albashi a kan kari, don wanda ba a biya ba dole ya tafi neman abinci. Na biyu, ranar Asabar da Lahadi a ware awa guda ta karatu da rubutun Hausa, boko da ajami. Iyayenmu mata kuma, tatsuniyar dare tana hannunku. Ma'aji na nan bakin ƙofa da littafi, mai niyya ya rubuta sunansa kafin ya fita.