Darasin Filin Jirgin Kano ga Mutanen Sandamu

Duk mai kiran a gina wa ƙasar Daura babban filin jirgin sama, ya fara duba tarihin na Kano. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu filin ya zama zangon jiragen Turai irin su KLM, waɗanda ke yada zango su sha mai kafin su nufi kudancin Afirka. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta sama, ciniki ya ja baya. Abin da ya riƙe filin shi ne alhazai da 'yan kasuwar Kwari, wato mutanen gida.

Wani zai ce ai masarauta mai tarihi kamar Daura ta cancanci nata. Gaskiya ne, amma daraja ba ta cika kujerun jirgi. Maniyyacin Sandamu da ke ƙasar Daura yana da filin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, manomin da ya ɗaure buhunan wake da riɗi kuwa hanya mai kyau yake nema. Hukumomi su gyara hanyoyin, su kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi tukuna.