Amsar Takardunku: In Sayar Da Babur In Shiga Situdiyo?

 Yau takarda ɗaya tak za mu ɗauka, domin kuwa abin da ke cikinta ya fi ƙarfin amsar minti biyu. Waɗanda nasu ke jiran layi su ƙara haƙuri, suna nan a ajiye.

Takardar ta fito ne daga hannun wani saurayi a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, wai mahaifinsa ba ya rabuwa da rediyo, kuma bai san da wannan magana ba tukuna. To mun ji, mun rufa maka asiri. Ga abin da yake cewa a taƙaice: sana'arsa kabu-kabu ce, amma shi da abokansa uku sun haɗa 'yar ƙungiyar kiɗan jita yau shekara ɗaya da rabi, sun yi wasa a biki huɗu da suna biyu. Wani ya nuna masa a waya wasu 'yan Agadas da ake kira Etran de L'Aïr suna kiɗa gaban cincirindon Turawa, ya ce masa irin wannan shi ake kira indi rok. Shi ne yake tambaya: mene ne indi rok? Su wane ne waɗannan mutane, kuma yaya aka yi suka kai can? Tambaya ta uku, wadda ita ce ta hana shi barci: shin ya sayar da babur ɗinsa su tafi Yamai su ɗauki faifai a situdiyo, ko su ma duniya ta san da su?

Madalla ƙanena, mun gode da wannan takarda. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Shi dai rok kiɗa ne da ya taso a Amurka a shekarun 1950, tushensa kuwa kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar ne. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita mai aiki da lantarki, da wata jita mai kaurin murya da ake kira bas, sai jerin ganguna da mutum guda ke kaɗawa da hannu da ƙafa. Ita kuwa kalmar indi, guntuwar wata kalmar Turanci ce mai nufin cin gashin kai. Tun wajejen ƙarshen shekarun 1970 wasu samari a Ingila da Amurka suka daina jiran manyan kamfanonin faifai, suka riƙa buga nasu da kansu ko ta hannun ƙananan kamfanoni, suna bin gari-gari suna wasa a 'yan ƙananan ɗakuna. Wato kalmar ta fi nuni ga yadda makaɗi ke tafiyar da sana'arsa, ba ga amon kiɗan ba. In haka ne, ai kai da abokanka kun daɗe kuna yin indi ba ku sani ba. Su 'yan Agadas ɗin ma ba su suka raɗa wa kiɗansu wannan suna ba. A wurinsu sunansa jita kawai, wasu kuma su ce asuf, wato kewa a harshen Buzaye.

Sai tambaya ta biyu. Wannan kiɗan jita na Buzaye ya samo asali ne daga samarin da farin shekarun 1970 da na 1980 ya raba da dabbobinsu, suka fantsama Aljeriya da Libiya neman abin yi. Cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta 'yan arewacin Mali ta fito, wadda daga baya ta ci kyautar Grammy a 2012. A Nijar kuwa marigayi Abdallah ag Oumbadougou na cikin waɗanda suka share fagen. Lokacin tawayen da aka fara a 1990, a ɓoye ake sauraron kaset-kaset ɗinsu, daga wannan hannu zuwa wancan. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, sai jita ta fito fili, ta zama kiɗan biki da suna a Agadas.

A wannan shekara ta 1995 ɗin ce aka kafa Etran de L'Aïr. Ma'anar sunan ita ce Taurarin Abzin. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da 'ya'yan 'yan'uwa, daga unguwar Abalane, kusa da babban masallacin Agadas mai doguwar hasumiyar ƙasar nan. Iyayensu makiyaya ne da fari ya koro cikin gari. Wanda ya zama jagoransu daga baya, Moussa Ibra da ake wa laƙabi da Abindi, shekararsa 9 lokacin da aka fara. Ka san da me suka fara? Jita ɗaya wadda ba ta lantarki ba, da ƙwarya da ake duka da takalmi a madadin ganga. Kamar yadda su da kansu suka ba da labari, da ƙafa suke zuwa wurin wasa, kaya a baya, wani lokaci tafiyar kilomita 25 cikin daji, su yi kiɗa kyauta su juyo. A haka suka riƙa tara kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, har ya zama babu lungun da ba a san su ba a Agadas, musamman a bukukuwan talakawa.

To yanzu ka buɗe kunne da kyau. Faifansu na farko da ya fita kasuwannin duniya, mai suna No. 1, sai a 2018 ya fito, ta hannun wani ƙaramin kamfani na birnin Portland a Amurka da ake kira Sahel Sounds. Daga 1995 zuwa 2018 shekara 23 ke nan. Kuma ba a situdiyo aka ɗauke shi ba, a waje aka ɗauka, a Agadas, jama'ar unguwa na kewaye da su, har kana jin tafi da guɗa a ciki. Bayansa ne suka fitar da Agadez a 2022, kana 100% Sahara Guitar a 2024, suka shiga yawon wasa a Turai da Amurka. Abin da ka gani a waya ƙarshen labari ne, ƙanena. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Me ya sa filin biki ya yi musu wannan rana? Dalili shi ne, a wurin biki babu wanda ya yanki tikiti, don haka babu wanda ya zama dole ya tsaya. In kiɗa bai ratsa jiki ba, mata su koma cikin gida, yara su watse, a bar ka da kujeru. A nan makaɗi ke koyon lokacin da zai sa wuta da lokacin da zai sassauta, da yadda mai ganga da mai bas za su riƙe juna tsawon sa'o'i ba wanda ya tsere wa wani. A nan yake koyon abin yi in tsirkiya ta tsinke ko janareta ya mutu ana tsakiyar rawa. Bugu da ƙari, Agadas mahaɗa ce: ga Buzaye, ga Hausawa, ga Fulani, ga Tubawa da Larabawa, kowa kuma yana so ya ji nasa. Shi ya sa a kiɗan Etran za ka ji ɗanɗanon jitar arewacin Mali, da na makaɗan Hausa, har da sukus na Kwango. Duk wannan ba a sayen shi da kuɗin situdiyo. Na'urar ɗaukar murya abin da ka zo da shi take ɗauka, ba ta ƙara maka abin da ba ka iya ba.

Wataƙila wani ya ce mini, to ai Mdou Moctar, wani gwanin jita ɗan jihar Tawa, situdiyo ya shiga. Gaskiya ne, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. To amma fa ba kamfani ne ya yaɗa waƙoƙin ba, jama'a ne suka riƙa tura wa juna daga waya zuwa waya, har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds ɗin nan, ya shiga neman mai su. Shi ma kuma da kiɗan biki ya ci gaba da riƙe kansa shekara da shekaru kafin ya kai ga faifai irin su Afrique Victime na 2021. Har ila yau kada ka zaci fita waje zuma ce zalla. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 shi da abokan kiɗansa suna Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale can nesa da iyalansu har sai da masoya suka yi musu karo-karo.

Yanzu sai tambaya ta uku, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka sayar da babur. Wannan sakin reshe ne kama ganye. Wasa shida kacal kuka yi. In kun tafi Yamai, kuɗin mota da na masauki da na situdiyo za su cinye kuɗin babur cikin 'yan kwanaki, ku dawo da waƙoƙin da ba wanda yake jira, kai kuma ba abin neman na cefane. Babur ɗin nan shi ne abin da 'yan Abalane ba su da shi sa'ad da suke taka sayyada da lasifika a baya. Da rana ya ciyar da kai, da yamma ya kai ku wurin biki.

Ga abin da nake ba ku shawara. Na farko, ku nemi wasa ko'ina, a Tasawa da ƙauyukanta, har Gazawa da Mayahi in an kira ku, ko da ladan bai taka kara ya karya ba. Na biyu, duk wasan da kuka yi ku sa wani ya ɗauka da waya, washegari ku zauna ku huɗu ku saurara, ku gaya wa juna gaskiya. Wanda ya yi kyau ku tura wa jama'a, ba ko dala da za ku kashe. Na uku, ku buɗe asusu, duk liƙin da aka yi muku a cire kason kayan aiki kafin a raba, a kuma rubuta a littafi, domin rabon kuɗi ya sha raba abokan da suka fi ku shaƙuwa. Na huɗu, kada ku zama inuwar 'yan Agadas. Kuna da harshenku, kuna da amon gurmi da garaya da kukuma a kunnenku tun kuna goye, ku nemi hanyar da jita za ta faɗi wannan. Ran da masu biki suka fara roƙon wata waƙa taku da sunanta, suna bin ku da baki, to ran nan situdiyo ya cancanci kuɗinsa, kuma daga asusu za a biya. In kuma wani ya zo muku da takardar yarjejeniya, kada ku sa hannu sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita tsaf.

Saura magana ɗaya. Ka ce baba bai sani ba. Mutumin da ke kiɗa a bainar jama'a ba ya ɓoyuwa a gari kamar Tasawa, gara ya ji daga bakinka da ya ji a bakin kasuwa. Ka same shi cikin ladabi, ko ka nemi wani kawunka ya yi maka jagora, ka nuna masa sana'arka na nan ba ka yar ba. Shi kuma baba, in yana jin mu yanzu, muna gaisuwa, muna kuma roƙon a saurari yaro kafin a yanke hukunci, tun da ya nemi shawara kafin ya aikata.

Da fatan ka gamsu. Ka sake rubuto mana in an kwana biyu, mu ji wasa nawa kuka ƙara a kan shidan nan.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu ɗora daga takardun da ke jira. Ku huta lafiya.