Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi Kan Halinmu Da Kuɗi

Ina gaishe da iyayenmu sarakunan Hausawa, da dattawa, da 'yan'uwa masu neman halaliya a Agege da Mile 12 cikin Ikko, da Sabon Badun, da Fatakwal, da Anacha. Abin da nake so mu duba yau shi ne dalilin da ya sa mutum mai hankali yakan riƙe kuɗinsa ta hanyar da za ta cuce shi.

Bari mu fara daga Abuja. Ran 26 ga Oktoba 2022 kowa ya ji a jikinsa. A ranar ce Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Bankin ya ce cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Watau mafi yawan kuɗin suna cikin aljihu, da akwati, da ƙarƙashin katifa. A farkon 2023 mai kuɗi ya rasa na cefane, har Kotun Ƙoli ta sa baki ran 3 ga Maris.

To, me ya sa muke ɓoyon kuɗi? Ba wauta ba ce. Dattawa sun tuna canjin kuɗi na Afrilu 1984, wasu kuma sun ga bankuna sun rushe da ajiyarsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Baƙo kuwa kullum yana son guzurinsa kusa da hannu, don bai san ranar da tafiya za ta kama shi ba.

Masana halin ɗan Adam sun auna wannan tsoro. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin hasara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciya, daga baya kuma aka kimanta ya kai wajen ninki biyu. Amma hasarar da ido ya gani ita zuciya ke ƙidayawa. Ɓarawo ya ɗauki dubu goma, a yi ta salati. Tsadar kaya kuwa, wadda ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ta cinye rubu'in ƙarfin abin da ke cikin akwati, ba wanda ya yi jaje.

Hali na biyu shi ne raba kuɗi gida-gida a zuci, wanda Richard Thaler ya bayyana, har ya sami kyautar Nobel a 2017. Kuɗin gumi a kan ririta shi, amma ribar da ta faɗo ba zato sai ta tafi a hidimar zuwa gida Salla, don kada a ce wane ya dawo hannu rabbana. Iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan. Adashi ba ya ƙara ko kwabo, amma kunyar uwar adashi takan hana hannu shiga zubi.

Saboda haka shawarata uku ce. Na farko, gida biyu maganin gobara: kada a tara kome wuri ɗaya. Hukumar NDIC da ke Abuja ta ɗaga lamunin ajiya a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5 a 2024, mai gudun riba kuma akwai irin su Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Na biyu, ka yanka wa gida abin da za ka riƙa aikawa tun kafin a bugo waya, domin kunya ba ta iya lissafi ba. Na uku, ka cire ajiya ranar da ciniki ya shigo, kafin ido ya saba da shi.

Lalle arziki na Allah ne, amma tattali an bar wa bawa. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.