Kada Hutu Ya Kwantar Mana da Iyaye

 Yau maganar tsofaffinmu zan yi, amma da mu matasa nake.

A gidajenmu, da zarar Baba ko Inna sun haura shekara 60, sai mu karɓe musu komai. Buta, a ɗauko musu. Za su miƙe, sai mu ce, "A'a Baba, ku zauna, ku huta." Ladabi ne, kuma abu ne mai kyau. To amma fa jiki ba ya jin wannan yaren. Tsokar da aka daina sa wa aiki zubewa take yi.

Likitoci suna kiran wannan zubewar tsoka sakofeniya. Tun daga wajen shekara 30 mutum ke fara asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, kuma bayan shekara 60 abin yana ƙara gudu. Shi ya sa za ka ga dattijo lafiyarsa ƙalau, amma tashi daga tabarma sai ya dafa bango, ɗagowa daga sujada sai da nishi. Ƙafa in ta yi rauni, faɗuwa ke biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Tsoho in ya karye a ƙugu, sau da yawa daga nan sai kwanciya.

Wani zai ce, ai tsufa ne, ba shi da magani. To saurari wannan. A shekarar 1990, wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta a birnin Boston na Amurka sun ɗauki tsofaffi goma 'yan shekara 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa na tsawon mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya kusan ninkawa uku. 'Yan shekara casa'in fa! Ke nan tsoka ba ta daina amsa kira, ko da an tsufa.

Amfanin bai tsaya ga ƙarfi ba. Tsoka ce ke zuƙe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, don haka mai ciwon suga yana amfana. Ƙashi ma in tsoka tana jan sa, yana rage saurin lalacewa. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ta ce masu shekara 65 zuwa sama su riƙa motsa jiki na ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, ban da tafiyar ƙafa da aka saba.

Kuma ba sai an je wajen 'yan ɗaga ƙarfe ba. Kujera mai ƙwari ta isa: a zauna, a miƙe, sau takwas zuwa goma sha biyu, a huta, a maimaita. A dafa bango da hannu biyu, a karkata gaba, a tura baya. A riƙe bayan kujera, a yi ɗage a kan yatsun ƙafa, a sauko a hankali. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, ta isa a fara ɗagawa da hannu. In ya fara yin sauƙi, sai a ƙara yawa ko nauyi kaɗan. Sannu-sannu kwana nesa. A haɗa da abinci mai gina jiki irin su wake, awara, nono, ƙwai da kifi.

Sai dai a kula. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan, a fara jin ta bakin likita. Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa. In an ji jiri ko ciwon ƙirji, a tsaya nan take.

Ga roƙona gare mu. Na san ba za ka iya ce wa mahaifinka "tashi ka motsa jiki" ba, kunya ba za ta bari ba. To ka zauna kusa da shi ka ce, "Baba, likitoci sun ce wannan yana rage ciwon gwiwa, ko za mu gwada tare?" Ke ma 'yar'uwa, haka za ki yi da Inna a tsakar gida. Minti goma sha biyar ne, Litinin da Alhamis. Abin da kowane dattijo ke so shi ne ya kai kansa masallaci, ya shiga bayan gida ba tare da an riƙe shi ba. Wannan mutuncin a ƙafafunsa yake.

Ku faɗa mini yadda kuka yi da naku iyayen. Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.