Amsar Wasiƙunku: Sayen Gida a Birnin Kano ta Hannun Dillali

 Yau wasiƙu biyu muka haɗa, domin maganarsu ɗaya ce. Ta farko daga wani Alhaji ce a Kademi ta ƙaramar hukumar Gaya, manomi kuma mai fataucin riɗi da wake. Ya ce yana da gidansa a ƙauye, amma zirga-zirgar Dawanau ta ishe shi, ga 'ya'ya biyu suna karatu a birni, shi ne yake son ya sayi gida na biyu a Kano. Wani dillali ya nuna masa gida a wajen Mariri, ya ce ya kawo kafin alƙalami kafin Juma'a, in ba haka ba wani zai riga shi. Ta biyu kuma daga Toranke ta Ajingi, mai ita yana tambaya ko takardar mai unguwa ta isa shaida.

To, Alhaji, da farko dai ba baƙunta za ka yi ba. Masu tarihi sun ce maƙeran Gaya ne suka fara zama a gindin Dala suna neman tama, saboda haka in mutumin Gaya ya sayi gida a Kano sai mu ce ya bi sawun kakanni. Amma fa Kanon yau ba ta san wannan zumunci ba in ana maganar fili.

Dillali ba abin gudu ba ne. Kai da ke Kademi ba ka da yadda za ka san gidan da aka sa a kasuwa a Hotoro ko Yankaba ko Na'ibawa. Shi ya san lungu-lungu, ya san wanda bashi ya kama, ya san magadan da suka gaji da juna. Wannan sani shi kake biya. Sai dai ka riƙe abu guda: dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa. In ka duba gida ka ga aibu ka fasa, ya yi asarar man babur da yininsa. Saboda haka ko mutumin kirki ne, idonsa yana kan a gama, kai kuwa naka idon ya kamata ya tsaya a kan abin da zai biyo baya. Aikinsa ya nemo maka gida. Tabbatar da cewa gidan na mai sayarwa ne, wannan aikinka ne, kada ka bar masa.

Maganar la'ada a yanke ta tun kafin ka hau bayan babur ɗinsa. Abin da aka fi ji a bakin mutane shi ne kashi 5 cikin 100, amma al'ada ce, ana ragi ana ƙari. Ka yi lissafi da kanka: gidan naira miliyan 20, kashi 5 ɗinsa miliyan ɗaya ke nan, kuɗin buhuna nawa na riɗi? Ka tambaya kuma su nawa ne a cikin cinikin, domin sau da yawa wanda ya kawo ka shi ma wani ne ya kawo shi, ranar biya sai ka ga mutum biyar sun jeru kowa yana cewa da shi aka yi. Abin da ya fi la'ada ciwo shi ne wanda ake ɗorawa a ɓoye. Mai gida ya ce a sayar masa miliyan 17, a ce maka 20. Maganinsa ɗaya ne, ka zauna da mai gida ido da ido, ka taya da bakinka, ya sallama da bakinsa. Duk dillalin da ya ce mai gida ya yi tafiya, ko ba ya son ganin mutane, ka ce masa kai ma ba ka gaggawa. Ba a cinikin biri a sama.

Yanzu ga tambayar mutumin Toranke. A ƙauye in ka sayi gona, dagaci da dattawa sun shaida, kowa ya san iyaka, shi ke nan. A birni ba haka ba ne. Tun shekarar 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi dokar da ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana. A cikin birni shi ke ba da iznin mallaka, ita ce takardar da 'yan boko ke kira C of O, kuma galibi ta shekara 99 ce in gidan zama ne. Dokar ta ce mai irin wannan takarda ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ma'ana, ko ka biya kuɗi an miƙa maka takarda, matuƙar ba a je ma'aikatar ƙasa da safiyo an sauya suna ba, a littafin gwamnati gidan na wancan ne.

Gidaje da yawa a gefen birni, irin su Mariri da sauran unguwannin Kumbotso da Ungogo, awon igiya ne. Wato gona ce mai ita ya yanka fuloti-fuloti ya sayar, ba gwamnati ta tsara ba. Irin waɗannan ba su da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Ba mu ce kada a saya ba, dubban mutane a ciki suke zaune lafiya, kuma sun fi araha. Amma takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ta hana a ce gobe hanya za ta bi ta tsakar gidanka. In awon igiya ne, ka nemi takardun duk waɗanda gidan ya bi ta hannunsu har zuwa mai gonar farko. In kuwa an nuna maka takardar gwamnati, ka ɗauki lambarta ka je ofishin KANGIS da ke kula da bayanan filaye na jihar Kano, ka biya kuɗin bincike, a duba maka sunan wa ke kai, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai bashin harajin fili. Ka leƙa hukumar tsara birni ta KNUPDA ka ji ko wurin yana kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babban layin wuta. Da ƙafarka za ka je, ko ka ɗauki lauya wanda kai ka nemo shi, ba wanda dillali ya kawo ba.

Kada ka ce wannan wahala ce. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Yuni na 2023, lokacin da gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne. Ba mu shiga siyasar abin ba. Abin lura shi ne cikin waɗanda suka yi asara akwai masu riƙe da takardu. Don haka ka tambayi tsofaffin unguwa: da can mene ne a wurin nan? In aka ce maka filin makaranta ne, ko maƙabarta, ko kududdufi aka cike, ka kama gabanka.

Sai gidan gado, inda aka fi yin kuka. Babban wa ya fito ya sayar, ya ce ƙannensa sun yarda. Bayan shekara biyu sai ga 'yar'uwa da ke aure a Jos, ko maraya da ya girma, sun kai ƙara. Kuma a fikihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, wanda yake da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da aka sayar maka. In gidan gado ne, ka nemi takardar kotun da ta raba gadon, kuma kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce.

Game da wa'adin Juma'a da aka ba ka, Alhaji, wannan tsohuwar waƙa ce. Wataƙila da gaske akwai mai so, wataƙila babu. In ya riga ka, gidaje ba su ƙare a Kano ba. In har za ka ba da kafin alƙalami, ka ba mai gida, a rubuta cewa za a dawo maka da shi in bincike ya nuna matsala. Sauran kuɗin kuma ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke jikin takarda. Kada ka ɗauko kuɗi a buhu daga Gaya ka bi hanyar Wudil da su.

Gidan kansa, ka koma ka gan shi ba tare da dillali ba. Ka je da yamma ka zauna wajen mai shayi, ka ji labarin ruwa da wuta da ɓarayi. Ka dubi gindin katanga, in ruwa yana kwanciya za ka ga alamarsa ko an shafe da fenti. Wanda ya samu hali ya ga gida a watan Agusta, ya ga gaskiyarsa. In da 'yan haya a ciki, a yi magana a kan wa zai tashe su da kuma yaushe, kafin ka biya, don tashin ɗan haya a birni yakan kai mutum kotu.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da bai kwanta mana ba. Ka ce in kuɗin bai kai ba za ka sayar da gonar fadama ka cika. Gonar nan ita ta haifi kuɗin da kake shirin sayen gidan da shi. Gidan birni kuwa, in 'ya'yanka ne a ciki, ba ya kawo ko kwabo, sai dai ya ci: gyaran rufi, kuɗin wuta, harajin fili, ga baƙi daga ƙauye da za su mai da shi masauki, kuma ba ka isa ka hana ba. Shawararmu, ka sayi wanda kuɗin hannunka ya kai, ko da ɗaki uku ne, ko ka nemi mai shago a gaba wanda hayarsa za ta riƙe gyara. In bai samu bana ba, ka kama wa yara haya ta shekara, ka jira kaka mai zuwa.

Mai wasiƙa daga Toranke, in ka riga ka saya da takardar mai unguwa, ka adana ta, ka yi mata hoto biyu ko uku, sannan ka je ma'aikatar ƙasa ka tambayi yadda ake neman takardar gwamnati a kan gidan da yake awon igiya. Sauran wasiƙun da suka iso mana a kan rikicin iyakar gona, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.